Ƙafar Ɗantala

Ɗantala, yau ma na kunna ka.
Kana nan inda na bar ka bara waccan,
bakin Kantin Kwari, baro a gabanka,
dilar atamfa uku a kai,
ƙafar dama a ƙasa, ta hagu a sama.
Har yau ba ta sauka ba.

Ni na zana ka.
Na yi mako ina gyaran wuyan rigarka,
na sa maka gumi ɗigo bakwai a goshi,
na ba ka silifas ɗin da aka riƙe da ƙusa.
Hindatu ta rubuta maka tafiya,
ta koya maka kauce wa a-daidaita-sahu.
Sagiru ya yi kwana uku yana bin 'yan dako da na'ura
don yaran da za su buga gem ɗin nan
su ji "Hanya! Hanya!" da bakin Kano,
ba da muryar aro ba.

Mataki goma sha biyu muka yi wa masu tallafi alkawari:
Kwari, Singa, Kurmi, har Dawanau,
inda za ka sayi baro na kanka, ka huta da biyan balas.
Miliyan arba'in suka turo.
Ran nan mun ci gurasa da tsire a tsakar ofis,
Jazuli ya ɗaga waya yana nuna mana sifilai,
muka ƙirga tare kamar 'yan aji ɗaya.

Daga nan ofis ya tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi
ya hau bene mai gilashi,
kujeru masu juyawa,
allon ƙofa da ya fi ka tsada.
Kwamfutoci suna kan ruwa, in ji shi.
Suna Ikko. Suna hannun kwastan.
Mota dai ba wanda ya tsare ta,
baƙa wuluk, ta iso ran Laraba da ledarta.
Ya je taro ƙasar waje, ya dawo da hotuna da turare.
Na ga rasit da idona:
man janareta na wata tara,
janaretan da ba mu taɓa jin tarinsa ba.

Kura da shan bugu.
Ka san ƙarashen, kai ma ɗan kasuwa ne.

Albashi ya koma ƙarshen wata,
ƙarshen wata ya koma bayan Sallah,
ba mu tambayi wace Sallar ba.
Hindatu yanzu tana manna wa wayoyi gilashi a Fam Santa.
Sagiru yana jan wayar lasifika a wurin biki.
Ni katin ɗaurin aure nake zanawa,
dubu biyu, da ciniki.

Da masu tallafi suka zo dubawa
minti biyun farko aka kunna musu,
inda kake sheƙa gudu, baro na ƙara.
Suka tafa, suka sha lemo.
Jazuli ya rufe kafin ka kai kwana,
don bayan kwanar nan babu Kano:
fari fat, ba shago, ba kwata, ba inuwa.
Hangen Dala aka sayar musu,
suka rubuta an shiga birni.

Jiya ƙanena Mudassir ya ce in ba shi ya gwada.
Ya danna, ya danna,
ya karkata kafaɗa kamar zai tura ka da jikinsa.
"Yaya, ya maƙale."
Na ce jira yake.
Ya ce jiran wa?

An ɗauke wuta, caji saura tara.
Zan rufe ka, Ɗantala, da kayan mutane a hannunka.
Abin da ke hana ni barci
ba motar ba ce, ba bashin ba.
Akwai benci da na shirya maka gindin darbejiya,
da mai shayi, da ruwan randa,
amma yana mataki na biyar.
Ka yafe mini.
Ban taɓa zana maka wurin zama ba.